Daga faifan jaz zuwa kaset ɗin Damargu: tarihin tarawa da sake bugawa

Gabatarwa

Duk littafin tarihin kiɗan jaz da mutum ya buɗe, sunan da zai fara cin karo da shi shi ne Buddy Bolden, wani baƙar fata mai busa ƙaho a birnin Niyu Oliyans na ƙasar Amurka. An haife shi a 1877, shekarar da Edison ya ƙago na'urar ɗaukar murya. Ya yi tashe a farkon ƙarni na 20, a 1907 aka kai shi asibitin masu taɓin hankali, can kuma ya rasu a 1931. Waɗanda suka yi zamani da shi sun shaidi ƙarfin busarsa, amma har yau ba a sami faifai ko guda mai ɗauke da sautinsa ba. Louis Armstrong kuwa, ɗan birni ɗaya da shi, wanda Bolden ya girma da shekara 24 kacal, ana iya sauraren busarsa ta 1923 a cikin salula a tsakiyar kasuwar Tanut. Na'ura ta riski ɗaya, ba ta riski ɗayan ba. Bayan na'ura kuma an sami mutanen da suka bi faifan suka tsince su, suka rubuta wanda ya yi su da ranar da aka yi su, suka matsa har aka sake buga su.

Wannan maƙala za ta bi sawun waɗannan mutane, ta duba yadda kalmar jaz da masu ita suka iso Afirka ta Yamma da ƙasar Hausa, sannan ta dawo gida ta tambayi halin da muryoyin Damargu suke ciki, wato na gundumomin Tanut da Belbeji. Ana nufin ta ga malaman makaranta da ƙungiyoyin raya al'adu, domin aikin da za a ambata a ƙarshe ya fi dacewa da hannunsu.

Yadda tara faifai ya zama ilimi

Faifan farko da aka sayar da sunan jaz an ɗauke shi a Niyu Yok cikin watan Fabrairu na 1917, kuma wata ƙungiyar Turawa ce ta yi shi, Original Dixieland Jass Band. Baƙaƙen fatar da suka raini kiɗan sai daga baya suka sami shiga. A watan Afrilu na 1923 ƙungiyar King Oliver, wadda Armstrong yake cikinta yana saurayi, ta je garin Richmond na jahar Indiyana ta yi wa kamfanin Gennett kiɗa a wani ɗaki da ke bakin hanyar jirgin ƙasa, har akan dakata da ɗauka in jirgi zai wuce. A lokacin babu makirfo. Makaɗa kan tsaya gaban wani babban mazurari, sautinsu ya girgiza allura, allura ta zana shi a kan kakin zuma. Sai a 1925 aka fara ɗauka da lantarki. Faifan garmaho na wancan zamani yana juyawa sau 78 a minti, kowace fuska tana ɗaukar kamar minti 3, kuma da ya faɗi ƙasa sai ya fashe.

Kamfanonin ba su ɗauki wannan haja da wata daraja ba. Kiɗan rawa ne, a sayar bana, baɗi a manta. Sau da yawa ba sa rubuta sunayen makaɗa a jikin faifai, wani lokaci ma sukan laƙa wa ƙungiya sunan ƙarya don kauce wa yarjejeniya da wani kamfani. Waɗanda suka fara ganin cewa akwai tarihi a cikin wannan tarkace samari ne masu sha'awa, a Amurka da Turai, da suke bin shagunan gwanjo da unguwannin baƙar fata gida gida suna sayen tsofaffin faifai.

Abin da zai ja hankalin malamin Faransanci shi ne, a Paris aka mayar da wannan sha'awa ilimi. A 1932 aka kafa ƙungiyar Hot Club de France; a 1934 Hugues Panassié ya fitar da littafinsa a kan jaz; a 1936 kuma Charles Delaunay, ɗan masu zanen nan Robert da Sonia Delaunay, ya buga Hot Discography. Littafin jerin sunaye ne da lambobi. Ga kowane zaman ɗauka, Delaunay ya nemi ya san garin da aka yi shi, da ranar, da sunan kowane makaɗi da abin da ya busa ko ya kaɗa, da lambar da aka zana a jikin faifai. Inda takarda ta yi shiru sai ya tambayi makaɗan da suka zo Paris, ko ya dogara ga kunne. Daga wannan jeri ne aka iya cewa wane ya koya daga wane, salo kaza ya fara a shekara kaza. Kalmar discographie da muke koya wa ɗalibai a aji daga wannan aiki ta bazu.

Jeri ya haifi sake bugawa. A cikin shekarun 1930 Milt Gabler, mai wani shagon faifai a Niyu Yok, ya riƙa karɓar izinin kamfanoni yana sake buga faifan da suka ƙare a kasuwa, yana kuma rubuta sunayen makaɗa duka a jikinsu. A 1940 kamfanin Columbia ya ɗauki wani ɗalibin jami'a, George Avakian, ya shiga ma'ajiyarsa, inda ya tarar da kiɗan Armstrong na shekarun 1920 da ba a taɓa fitarwa ba. Neman faifai ya kai su har ga masu rai: a ƙarshen shekarun 1930 masu bincike suka gano tsohon mai busa Bunk Johnson a wani ƙaramin gari na jahar Luwiziyana, babu haƙora, babu ƙaho. Aka yi karo-karo aka sama masa duka biyu, a 1942 aka ɗauki busarsa.

Asara da tsintuwa

Duk da wannan himma, abin da ya salwanta yana da yawa. Faifan garmaho da wani irin ƙaro ake yin sa wanda ake kawowa daga Indiya. Da yaƙin duniya na biyu ya tsananta aka yi ƙarancinsa, sai aka riƙa tattara tsofaffin faifai ana niƙawa don a yi sababbi. Kamfanin Paramount, wanda ya ɗauki manyan mawaƙan baƙar fata kafin ya durƙushe a farkon shekarun 1930, yawancin uwayen faifansa na ƙarfe sun ɓace, har akwai waƙoƙin da kwafi ɗaya tak ya rage a duniya, a hannun wani mai tarawa. Ko a zamaninmu, ranar 1 ga Yuni 2008 gobara ta cinye wata ma'ajiyar kamfanin Universal a Kalifoniya. A 2019 jaridar New York Times ta ce waƙoƙin da uwayensu suka ƙone za su kai 500,000, har da na manyan makaɗan jaz. Kamfanin ya musanta girman asarar, amma bai musanta gobarar ba.

Tsintuwa ma takan zo. Ranar 29 ga Nuwamba 1957 Muryar Amurka ta ɗauki wasan da Thelonious Monk da John Coltrane suka yi a zauren Carnegie. Zaren ya kwanta shekara 48 cikin wani kwali, sai a 2005 wani ma'aikacin ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya ci karo da shi, aka buga shi a wannan shekarar. A 2018 kuma aka fitar da wani zaman ɗauka na Coltrane na 1963 wanda kamfani ya rasa uwarsa, amma kwafin da makaɗin ya kai gida ya tsira a hannun dangin matarsa ta fari. Mai karatu ya riƙe waɗannan wurare biyu, ma'ajiyar gidan radiyo da akwatin iyali, domin a cikinsu ne namu tarihin yake kwance.

Kalmar jaz a Afirka, da baƙonta na Zariya

Kafin yawancin mutanen Afirka su ji jaz na Amurka, sun riga sun ari sunansa. A Kinshasa, wadda ake kira Leopoldville a lokacin, Joseph Kabasele ya kafa African Jazz a 1953, Franco da abokansa suka kafa OK Jazz a 1956. A garin Beyla na ƙasar Gini aka kafa a 1961 ƙungiyar da ta zama Bembeya Jazz. A Bobo-Julaso aka yi Volta Jazz. A Tumbutu aka yi Mystère Jazz. Wanda ya saurare su zai ji kiɗan Kyuba da waƙoƙin gargajiya sun fi rinjaye. A bakin mutanen wancan zamani, jaz na nufin ƙungiyar makaɗan zamani mai ƙahoni da gita da jerin ganguna, masu sanye da tufafi iri ɗaya. Gwamnatin Seku Ture ta ɗauki irin waɗannan ƙungiyoyi aiki, ta kafa kamfanin faifai na ƙasa mai suna Syliphone, shi ya sa kiɗan Gini na wancan zamani ya yaɗu har ƙetaren teku.

Masu jaz na asali su ma sun zo. Armstrong ya sauka Akara a 1956, ya dawo a 1960 cikin doguwar tafiyar da gwamnatin Amurka ta sa hannu a cikinta, har aka ɗauki hotonsa da Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello a Kaduna. Amma wanda ya zauna a ƙasar Hausa ya yi karatu shi ne Yusef Lateef, mai busa saksofon da sarewa, wanda aka haifa a 1920, ya musulunta tun yana matashi. Daga 1981 zuwa 1985 ya yi aikin bincike a Cibiyar Nazarin Al'adun Najeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, inda ya duƙufa a kan sarewar Fulani, ya zauna da masu busa ta da masu ƙera ta. Shi da Ziky Kofoworola suka rubuta littafi a kan wasanni da kiɗan Hausawa, wanda ya fito a 1987. Lateef bai yarda a kira kiɗansa jaz ba, yana ganin kalmar ta raina aikin. Duk da haka a jerin faifan jaz ne ake samun sunansa.

A 1983, yana Najeriya, ya yi wani faifai da makaɗan ƙasar mai suna da Hausa, Hikima. Faifan bai yaɗu a waje ba, ya zama abin da masu tarawa ke farauta, har sai da aka sake buga shi a 2019, shekara 6 bayan rasuwar mai shi a 2013. Ga faifan jaz mai sunan Hausa, an yi shi a maƙwabtanmu, amma sai da ya bi ta hannun masu tarawa na ƙetare kafin ya dawo kunnen duniya.

Wa ya ɗauki muryoyinmu?

Damargu ta shiga littattafan Turawa tun kafin a ƙago na'ura. A watan Janairu na 1851 Heinrich Barth da Overweg suka rabu da abokin tafiyarsu Richardson a Tagelel. Barth ya bayyana ƙasar hatsi da take ciyar da Abzin, a kan hanyar ayarin da ya haɗa Kano da Damagaram da Agadas har Tarabulus. Alƙalami ya riƙe sunayen garuruwa da kayan fatauci. Waƙar da madugu ya ji a zango ta tafi da iska.

Harshen Hausa ya hau faifan kasuwa tun ƙarshen shekarun 1920, lokacin da kamfanin Zonophone ya ɗauki ƴan Afirka ta Yamma mazauna Ingila cikin harsuna da dama, har da Hausa, don ya sayar a gaɓar teku. A 2008 wani kamfanin Landan, Honest Jon's, ya sake buga zaɓaɓɓu daga cikin wannan jeri. A Nijar kuwa ɗaukar murya ta zo ne tare da radiyo. An buɗe Radio Niger a 1958, aka kafa ORTN a 1967, a 1974 tashar ta koma Muryar Sahel. A 1963 Tolia Nikiprowetzky ya zagaya ƙasar da rakoda, kamfanin Ocora na Faransa ya fitar da faifai biyu daga aikinsa, ɗaya na maroƙa da makaɗa, ɗaya na Abzinawa da Fulanin Bororo. Daga baya aka sake fitar da su a faifan CD. A wajen wannan lokaci David Ames yana irin wannan aiki a ƙasar Zazzau. A 1968 aka kafa a Yamai cibiyar tattara adabin baka wadda ta zama CELHTO, ga kuma cibiyar binciken IRSH da tarin zaruruwanta. A ƙarshen shekarun 1980 aka buɗe cibiyar horar da makaɗa mai ɗauke da sunan Alhaji Taya, aka kuma fara gasar kiɗa ta Ɗan Gurmu.

Makaɗan Nijar ba su sami kamfanin ƙasa irin Syliphone ba. Mafi yawan abin da suka yi, na gargajiya da na zamani, a gidan radiyo aka naɗe shi, a Yamai ko a tashoshin jahohi irin ta Damagaram, wadda ta shahara da wasan kwaikwayo na Hausa. Can aka riƙa jin muryar Ma'azu Ɗan Alalo, makaɗin fadar Damagaram da ya rasu a 2002. Can aka naɗe waƙoƙin samariya da na bikin matasa na ƙasa da gwamnatin Seyni Kunce ta raya tun tsakiyar shekarun 1970, inda kowace gunduma takan tura mawaƙanta da ƴan rawarta su yi gasa.

Abin da ya sauya komai shi ne kaset, wanda kamfanin Philips ya fitar a 1963, ya kuma cika kasuwanninmu daga shekarun 1970. Hanyar da raƙuma suka bi ita motoci suka gada: Tanut tana kimanin kilomita 150 arewa da Damagaram a kan hanyar Agadas, ƴan ci-rani kuma suna dawowa daga Kano da Libiya da rakoda a kafaɗa. Ta nan muryoyin Mamman Shata da Ɗan Ƙwairo da Ɗan Maraya suka shiga rumfunan kasuwa. Muhimmin abu shi ne rakoda tana da maɓallin ɗauka. A karo na farko talaka ya iya naɗe bikin ɗiyarsa, da kiɗan gayya, da kirarin ƴan kokawa, da tenden matan Abzinawa, da wa'azin malamin garinsu, da saƙon baki da zai aika wa ɗansa a ci-rani. Shekarun kaset sun haɗa da farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 zuwa 1985, waɗanda suka karya garkuna suka tarwatsa iyalai a Damargu. Wanda yake son ya ji yadda mutanen ƙasar suka faɗi wannan masifa da bakinsu, a cikin irin waɗannan kaset ya kamata ya nema.

Masu sake bugawa daga ƙetare

Tun ƙarshen ƙarnin da ya wuce, irin sha'awar da ta ceci jaz ta juyo Afirka. A 1997 Bafaranshe Francis Falceto ya fara jerin Éthiopiques, wanda ya sake fitar da kiɗan Habasha na shekarun 1960 da 1970. Kundi na 4 shi ya maido da jaz ɗin Mulatu Astatke idon duniya. Tsakanin 2008 da 2013 Graeme Counsel, ɗan Ostareliya, da tallafin ɗakin karatu na ƙasar Birtaniya, ya juye zaruruwan gidan radiyon Gini cikin kwamfuta, waƙoƙi fiye da 9,000. A 2016 aka fitar a Amurka da tarin kiɗan Bobo-Julaso, har da na Volta Jazz.

Nijar ma ta sami rabonta. A 1978 Mamman Sani ya naɗe kiɗansa na ogan, wato akwatin kiɗan lantarki mai madannai, a gidan radiyon ƙasa, aka yi kaset kaɗan. Shekaru da dama ƴan Nijar suna jin wannan sauti tsakanin shirye-shiryen radiyo da talabijin, da yawansu ba su san mai shi ba. Wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, mai kamfanin Sahel Sounds, ya ci karo da kaset ɗin a wata ma'ajiya a Yamai, ya nemi mai shi, a 2013 aka buga shi a faifai, Mamman Sani ya shiga yawon wasa a Turai. Kamfanin nan ya kuma fitar da kiɗan Azna na Adar, ƙungiyar Tawa, kamar yadda a 2011 ya fitar da tarin waƙoƙin da ya kwasa daga katunan salula a Sahara. A wani gefen, Malam Mamman Barka, ɗan Teskar kuma malamin makaranta, ya je bakin tafkin Cadi a 2002 ya koyi kaɗa biram a hannun tsohon da ya rage da saninsa. Faifansa ya fito a Landan a 2009, shi kuwa ya rasu a 2018.

Wannan aiki abin godiya ne, amma yana da iyaka, kuma tarihin jaz ya riga ya nuna ta. Na farko, mai bugawa yana zaɓe da kunnen mai saye. Kunnen Turai yana son gita da ogan, abin da ya yi kama da wanda ya sani. Waƙar niƙa ko ta daɓe, wadda daɗinta yake cikin kalmomi, ba ta da kasuwa a wurinsa. Na biyu, batun haƙƙi. Makaɗan jaz na farko da yawa ladan yini ɗaya aka biya su, faifansu kuwa ya yi ta kawo kuɗi shekara da shekaru. Sahel Sounds ya ce yana raba riba biyu da makaɗa, ofishin BNDA kuma an kafa shi don kare haƙƙin masu fasaha a Nijar. Sai dai ba a iya biyan wanda ba a san sunansa ba. Na uku, baƙo yana tsayawa inda hanya ta kai shi, Yamai ko Agadas. Ƙauyukan Tarka da Gangara da Olelewa da Falanko da Tenhiya ba sa cikin taswirarsa.

Abin da ke hannunmu

Kaset ba ya jiran kowa. Zarensa leda ce mai ɗauke da garin ƙarfe. Zafi yana sa ya miƙe ko ya manne, ƙurar hunturu tana goge shi, maganaɗisun lasifika yana rage sautinsa. Rakodar da za ta karanta shi ma tana ƙarewa, an daina ƙera masu kyau, masu gyaranta sun koma gyaran salula. A 2019 UNESCO da ƙungiyar ma'ajiyoyin sauti ta duniya suka yi gargaɗi cewa na'urorin karanta zare suna gab da ƙarewa, abin da ba a juye da wuri ba zai iya salwanta. Katin salula da ya gaji kaset bai fi shi amana ba: yana mutuwa ba sallama, waƙa kuma tana yawo daga waya zuwa waya har sunan mai ita ya faɗi a hanya.

Abin da ya fi zaren saurin lalacewa shi ne sanin abin da ke cikinsa. Yawancin kaset ɗinmu ba a rubuta komai a bayansu ba. Yau akwai tsohuwar da za ta ji murya ta ce wance ce, a bikin wane, shekarar da aka yi fari; in ta kau, kaset ɗin ya zama maraya ko da sautinsa garau yake. A nan ne aikin Delaunay ya shafe mu, kuma kashinsa na farko ba ya bukatar kuɗi, takarda da biro sun isa. Ga kowane kaset a rubuta sunan mawaƙi da garinsa, da ƴan amshinsa, da kayan kiɗan, da harshen waƙar, Hausa ko Tamajak ko Fulatanci ko Barbarci, da wurin da aka ɗauka da dalilin taron, da wanda ya ɗauka, da wanda kaset yake hannunsa. In ba a san shekara ba, a rubuta abin da aka ɗaure ta da shi, sarautar wane ko yunwa kaza, masana za su fitar da lissafi daga baya. Inda shaidu biyu suka saɓa, a rubuta maganar kowa da sunansa.

Malamin Hausa da na Faransanci suna da ma'aikata a gabansu. Ɗalibi ya tambayi kakanninsa lokacin hutu, ya cika takarda, ya rubuta baitocin da ya ji bisa ƙa'idar rubutun Hausa, ya fassara su da Faransanci. Darasin nahawu ne da na fassara da na tarihi a lokaci guda, kuma ƙamus ɗin noma da kiwo da fatauci na Damargu zai fito daga ciki. Ƙungiyoyin al'adu su ɗauki kashi na biyu: rakoda mai lafiya guda, da waya, da kwamfuta. Kafin a saka kaset a ɓalle ƴan kunnuwan nan biyu na samansa don kada a goge shi bisa kuskure. A juye shi da siffar WAV wadda ba ta matse sauti, a bar MP3 don rabawa. A ajiye kwafi a wurare uku dabam dabam, misali a makaranta, da gidan radiyon karkara, da Jami'ar André Salifou ta Damagaram ko wata cibiya a Yamai, saboda gobarar 2008 ta nuna abin da ke samun dukiyar da aka tara a ɗaki ɗaya. Sannan a mayar wa mai kaset da kayansa tare da kwafi.

Akwai ladabin da ya wajaba. Saƙon baki tsakanin miji da mata sirri ne. Zambo da habaici suna iya tada tsohuwar gaba tsakanin gidaje. Wasu magada, saboda dalilin addini, ba sa son a ji muryar mahaifinsu ko mahaifiyarsu cikin kiɗa, kuma haƙƙinsu ne a saurare su. A irin wannan hali ana iya adanawa ba tare da watsawa ba, a rubuta sharaɗin iyali a jikin takarda, a kuma kiyaye shi. In wata rana wani kamfani ya zo neman bugawa, takardar ce za ta nuna ƙofar da zai yi sallama.

Kammalawa

Belbeji ta zama gunduma a 2011, kuma ƙasa ba ta cika da ofisoshi kaɗai, tana bukatar sanin muryoyin da suka rene ta. A 2013 UNESCO ta sa imzad na Abzinawan Aljeriya da Mali da Nijar cikin gadon ɗan Adam, ranar 27 ga Oktoba ta kowace shekara kuma an keɓe ta don gadon sauti da hoto. Wannan rana ta dace ƙungiyoyin Tanut da Belbeji su kira taro, kowa ya zo da kaset ɗin da ke ƙasan akwatinsa, a zaunar da tsofaffi kusa da rakoda, ɗalibai na gefe da takarda. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Samarin da suka ceci jaz sun fara aikinsu makaɗan farko suna raye, shi ya sa suka sami masu amsa tambaya. Masu amsa tamu tambayar suna nan tukuna, a Tarka da Gangara da Tenhiya, sai a hanzarta a je a same su.